Kayan sipor na gida a Yamai: mi za ka fara saya, mi za ka bari sai gaba

Duk wanda zai haɗa wurin motsa jiki cikin gidansa a Yamai abu huɗu ne za su yanke masa hukunci tun kafin aljihunsa ya yi magana, zafi da ƙura da kuran, wato wutar lantarki, da kuma irin daɓen da ke ɗakinsa. Hotunan da muke gani a Facebook da TikTok, ɗaki fes ga madubi bango guda ga injuna a jere, yawancinsu a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa aka ɗauke su, ƙura kuma ba ta shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa. Mu nan daga watan Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 da rana, kuma a lokacin ne kuran ya fi yawan yankewa, in hunturu ya shigo kuma ka share ɗaki da safe kafin la'asar ka iya rubuta sunanka bisa tebur. To kayan da za su zauna lafiya cikin wanga yanayi su ya kamata mutum ya nema, kuma alhamdulillahi su ne ma suka fi araha.

Ka fara da tambayar kanka mi kake so da jikin nan naka, don wanda likita ya ce ya rage nauyi saboda tansiyo, wato hawan jini, ko sukari da saurayin da ke son ƙirji da damtse su fito ba kaya ɗaya za su saya ba. Hukumar lafiya ta duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, irin tafiya da sauri ko tuƙa belo, sannan aƙalla kwana 2 a sati ya yi aikin da ke ƙarfafa tsoka. Kun ga kenan abu biyu ne, na zuciya da na tsoka, kuma kowane gida ya kamata a samu abu ɗaya na wannan ɗaya na wancan. Mutane da yawa suna zuba kuɗinsu duka a gefe guda, ko dai inji mai tsada na gudu babu ko kilo ɗaya na ƙarfe, ko kuma ƙarfe tuli amma hawa bene ɗaya sai haki.

Sai wuri. Ɗauko mita ka auna, kar ka yi da ido. Mafi ƙanƙanta dai kana son inda za ka kwanta ka miƙe hannu sama da kai ba ka taɓa komi ba, ka buɗe hannuwa gefe da gefe ba ka bugi bango ba, wajen mita 2 da mita 2 kenan. Ka ɗaga hannu sama ma ka gani, musamman in akwai fanka a rufi, wannan ba wasa ba ne ga mai tsallen igiya ko mai ɗaga ƙarfe sama da kai. Wanda ke cikin antire-kushe, wato ɗaki guda tak, ko gidan haya na mutane da yawa, kayan da za su shige ƙarƙashin gado bayan an gama su ne nasa, kar ya wahalar da kansa da benci. Wanda ke da tsakar gida kuwa ni a ganina rumfa ta fi ɗaki nesa ba kusa ba, iska na ratsawa kuma ƙasa ba ta fashewa in ƙarfe ya faɗi, sai dai ka tabbata inuwar tana nan a lokacin da za ka yi aiki, don ƙarfen da ya sha ranar Yamai ba ya riƙuwa da hannu, ƙona tafi yake. Ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ka manta da shi tsakanin hantsi da magariba.

In ɗakin karo ne a ƙasa, wato tayil, to ka ji tsoronsa, faifan ƙarfe na kilo 5 kaɗai in ya suɓuce ya isa ya tsaga karo, kuma in haya kake ka san maganar da za ta biyo baya da mai gida. Kafin ka sayi ƙarfe ko ɗaya nemi abin shimfiɗa. Tabarmar roba mai kauri ita ce ta fi, in ba ka samu ba katako mai faɗi ka ɗora masa tsohon kafet, ko a yanka maka tsofaffin tayoyi a shimfiɗa inda ƙarfen ke sauka. Tapi ɗin nan siriri da ake kwanciya a kai don abdo, wato aikin tsokar ciki, da miƙe jiki shi aikinsa daban, gwiwa da gadon baya yake karewa, ba ya kare karo.

Abu na farko da zan ce kowa ya saya igiyar tsalle ce, kuɗinta bai taka kara ya karya ba kuma minti 10 a kanta sai ka ji a jikinka. Yadda ake gane tsawonta, ka taka tsakiyarta da ƙafa ka ja hannuwan sama, in sun kai wajen hammata daidai ce, in ta yi tsawo ka ɗaure ƙulli kusa da mariƙin. Ta roba mai ɗan nauyi ta fi ta zare juyawa. Amma fa mai nauyin jiki sosai ko mai ciwon gwiwa kar ya fara da tsalle, kuma kar a yi shi ƙafa ba takalmi bisa siminti.

Yanzu ƙarfe, nan ne zan daɗe don nan ne kuɗinka zai yi maka aiki shekara da shekaru. In abu ɗaya tak za ka iya saya a ɓangaren ƙarfe to ka sayi alter, wato ƙaramin ƙarfen ɗagawa da hannu ɗaya, guda biyu irin waɗanda ake kwancewa a ƙara musu faifai ko a rage. Waɗanda aka zuba a dunƙule, kilo 3 ko kilo 5 da ba ya canzawa, suna da kyau a ido amma bayan wata biyu sun yi maka sauƙi sai ka koma kasuwa, kuma dama tun ranar farko nauyi ɗaya ba ya isar jiki duka, abin da kafaɗa za ta ɗaga da ƙyar cinya da baya ko jin sa ba za su yi ba. Mai kwancewa kuwa mariƙi biyu ne da faifai, yau ka sa kaɗan gobe ka ƙara, in kuɗi sun shigo ka sayo faifai biyu ka ɗora a kan na da. Ka nace a ba ka ƙananan faifai, na rabin kilo da na kilo 1 ko 1.25, mutane na raina su suna ɗibar manya kaɗai alhali da ƙananan ake ci gaba, tsalle daga kilo 5 zuwa kilo 10 a hannu ɗaya ya yi yawa, nan ne ake fara murɗa baya ana lilo da jiki don ƙarfen ya tashi har a ji ciwo.

Akwai abin da masu sayarwa ba kullum suke faɗa ba, ramin tsakiyar faifai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai milimita 25, akwai 28, akwai 30, sannan akwai babba mai 50 na sandar nan irin ta gasa wadda tsawonta mita 2.2 ne nauyinta ita kaɗai kilo 20. In ka sayi faifai a wani shago sanda a wani, kana iya zuwa gida ka tarar bai shiga ba ko kuma yana ta karkaɗa. Saboda haka duk sanda za ka je ƙaro faifai ka tafi da mariƙinka a jaka ka zura a gaban mai shago. Ka zaɓi girman rami ɗaya ka tsaya a kansa har abada, ta yadda ranar da ka sayi doguwar sanda faifan alter ɗinka za su hau kanta. Ka duba abin da ke danne faifan ma, mai zare da ake murzawa ya fi kwanciyar hankali in dai zaren bai cinye ba, murza shi har ƙarshe ka girgiza ka ji. Faifan da ya zame lokacin da ƙarfe ke saman fuskarka ba ƙaramin haɗari ba ne.

Nauyi nawa za ka fara da shi? Ɗauki wanda za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 da kyau, na ƙarshe biyun su ba ka wuya amma ba ka karkace ba. In ka wuce 15 kana hira ya yi sauƙi, in ko 5 ba ka kai ba ya yi yawa. Ga namijin da bai taɓa yi ba, abin da zai haɗa masa kilo 10 a kowane hannu ya ishe shi watanni na farko, mace kuma ta fara daga kilo 2 zuwa 5 a hannu ta ƙara a hankali. Kuma Hajiya don Allah ki cire tsoron nan na wai ƙarfe zai maida ki kamar namiji, jikin mace ba ya tara tsoka haka da sauƙi, abin da za ki samu shi ne ƙarfin baya da ƙugu da ƙashi mai ƙwari, wanda kuwa kina buƙatarsa sosai in shekaru suka fara ja.

Ƙarfe ba ya tsufa, wannan shi ne daɗinsa. Faifan da ya yi shekara 20 in ka goge tsatsar da burushin waya ka shafa fenti daidai yake da sabo, don haka okaziyo, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, a nan ba abin kunya ba ne, shi ne ma wayo. Wanda zan ce ka yi hattara da shi shi ne faifan roba da aka cika cikinsa da siminti ko yashi, yana da arha kuma yana sheƙi a shago, amma ƙato ne don haka kaɗan ke shiga a sanda, kuma zafi na busar da robar, ranar da ya faɗi ya tsage sai ya dinga zubar da gari. Yin oda daga waje kuma ka tuna ƙarfe da nauyinsa ake biyan kuɗin ɗauko shi, sau da yawa kuɗin kawowa sai ya cinye ribar arhar da ka gani a waya.

Shi ya sa ni nake son aikin masu walda namu. Ka shiga kasuwar Katako ko ka je wurin mai waldar unguwarku, da faifan birki na mota da tsofaffin ƙarafan inji ana haɗa kaya masu kyau da za su yi shekaru. Sai dai ka tsaya a kan aikin. Na ɗaya a auna, a kai wurin masu sayen tsohon ƙarfe da kilo ko duk mai sikeli a ɗora kowane faifai, biyun da za su zauna dama da hagu su zo daidai, sannan a rubuta nauyin da fenti a jiki, don in gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo guda kafaɗarka ce za ta biya. Na biyu sandar ta zama ƙarfe cikakke, tiyon ruwa mai rami a ciki lanƙwashewa yake in nauyi ya yi yawa. Kaurinta wajen milimita 28 zuwa 30 shi ke cika hannu daidai. Na uku a goge duk bakin da aka yanka da inda aka yi walda kar ya yanke ka. Tsawon sanda kuma ka auna da ɗakinka, mai mita 1.5 ko 1.8 ta ishi yawancin gidaje, mai 2.2 tana son fili sosai don sai ka samu wurin tsayawa a gefe kana zura faifai.

Na siminti da samari ke zubawa a gwangwanin madara ko na tumatir shi ma yana aiki, kar wanda ya raina shi, da shi da yawa suka fara. Lissafinsa mai sauƙi ne, lita ɗaya ta kankare tana kai wajen kilo 2.3 zuwa 2.4, ƙarfe kuwa ya ninka haka sau uku, shi ya sa na siminti ke yin girma. In za ka zuba ka sa tsakuwa da yashi mai kyau, ka soke ƙusoshi ko a yi waldar guntun rodi a bakin sandar yadda simintin zai kama ta, ka auna abin da ka zuba a kowane gwangwani ya zo ɗaya, sannan ka dinga jiƙa shi da ruwa a inuwa aƙalla sati guda. A zafin nan namu in ka bar shi ya bushe a rana kwana biyu zai yi ta marmashewa. Abu ɗaya dai, na siminti kar ka kwanta ka ɗaga shi saman fuska ko ƙirji, ka bar shi ga aikin da kake yi a tsaye.

Akwai ma nauyin da ke gidanka yanzu haka ba ka biya ko dala ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan bido mai lita 20 in ya cika kilo 20 ne, ɗauki biyu ka yi ta kai da kawowa a tsakar gida baya a miƙe ka ji yadda hannu da ciki da cinya za su amsa, kuma kana iya rage ruwan ko ka ƙara yadda kake so. Buhun shinkafa da ya ƙare ka zuba masa yashi, ka saka shi cikin wani buhun ka ɗaure da kyau, ka rungume shi ka tsuguna ka miƙe, ka ɗora a kafaɗa ka sauke. Yashi na motsi a ciki don haka jiki duka ke aiki wajen riƙe shi, irin ƙarfin da ɗan kokowa ke nema kenan. Tun da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a Tawa a 1975 ƴan kokowar da suka yi suna yawancinsu daga ƙauye da gona suka fito, ba injin sal, wato gidan motsa jiki na kuɗi, ne ya gina su ba.

Bayan alter abin da na fi ba muhimmanci shi ne ƙarfen rataya, wanda kake kamawa ka ja jikinka sama, don pomp, wato ka kife ka tura ƙasa da hannu, na gina ƙirji da gaba amma baya sai da ja. Irin wanda ake matsewa tsakanin ƙofa ba tare da ƙusa ba ni ban yarda da shi ba a gidajenmu, ƙofofinmu da yawa firam ɗin ƙarfe ne siriri ko kuma filastar bangon ba ta da ƙwari, yana iya sakinka kana sama. In ginin laka ne ko bulon da bai ji siminti ba kar ma ka huda bango ka ce za ka rataya a kai. Abin da ya fi, a kafa ƙarfe biyu masu kauri a tsakar gida, a haƙa rami mai zurfi kamar rabin mita ko fiye a zuba kankare, a gitta sanda a sama daidai inda in ka miƙa hannu kana ɗan ɗaga dunduniya za ka kamo. Ka sa mai walda ya ƙara maka ƙugiyoyi biyu a jikin ginshiƙan daidai ƙasa da kafaɗa, nan gaba su za su riƙe maka doguwar sanda in za ka yi tsugunne da nauyi a wuya, ka ga aiki ɗaya ya biya buƙata biyu.

Benci bai zama dole da farko ba, kana iya kwanciya a tapi ka tura alter sama. In lokacinsa ya yi, tsayinsa daga ƙasa wajen santimita 43 zuwa 45 yadda tafin ƙafarka zai zauna daram a ƙasa, faɗinsa wajen 30 don kafaɗa ta samu sakewa. Hau ka girgiza shi a wurin saye, in yana rawa ba kowa a kai to da nauyi ma sai abin da ya ƙaru. Kuma ina roƙonka, in kai kaɗai ne a gida kar ka kwanta ƙarƙashin doguwar sanda mai nauyi, in ta gagare ka a ƙirji ko wuya za ta zauna ba mai ɗaga maka. Da alter kuwa sai ka sake su gefe.

Robobin ja suna da amfani ƙwarai ga mata da dattawa da mai farfaɗowa daga ciwo, ba nauyi ba cin wuri, ana tafiya da su ko'ina. Matsalarsu a nan zafi da rana, roba na bushewa ta yi ƙananan tsagu, wata rana kana cikin ja ta tsinke ta zabge ka. Ka ajiye su cikin jaka a ɗaki mai inuwa, kar a bar su a mota ko a rataye a tsakar gida, kafin kowane aiki ka ɗan ja ka duba a haske, in ka ga tsagu ka yar. Kar kuma ka ja ta saitin ido. Ka sa a ranka abu ne da ake sabuntawa, kar ka zuba kuɗi da yawa a kai.

Sai injuna. In kana da halin sayen inji ɗaya don zuciya ni belo na tsaye zan ce, wato keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya, kafin tapi rulan, injin da ake tafiya ko gudu a kan bel mai juyawa. Ba ya shan kuran, in ma akwai allo ƴan batura ne, ba ya da ƙara da zai dami maƙwabta, kuma yana tausaya wa gwiwa don nauyinka na kan sirdi. Iri biyu za ka fi gani, mai maganaɗisu da mai birki na ƙyalle da ke matse ƙafar ƙarfen. Mai maganaɗisu ba abin da ke gogar wani don haka ba ya cinyewa kuma shiru yake, mai birki ya fi sauƙin gyara amma ƙyallen na cinyewa, ƙura kuma na sa shi ƙugi. Wurin saye ka hau ka tuƙa minti 5 cikakku, ka murɗa maɓallin nauyi daga farko har ƙarshe ka ji ko da gaske yana canzawa, ka saurari ƙwas-ƙwas a feda, ka tabbata sirdin na hawa ya kai tsayinka. In ka tsaya a gefe sirdi ya zo daidai ƙashin ƙugu, in kana kai kuma feda na ƙasa gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdi in ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa belo laifi.

Tapi rulan shi ne abin da kowa ke mafarki kuma shi ne na ƙarshe a lissafina. Motarsa kan kai doki 1.5 zuwa 3, doki ɗaya kuwa wajen wat 750 ne, to ka duba kwantar wutar gidanka ko za ta ɗauke shi tare da firigo da kilim, in da panon rana kake ko ƙaramin gurup, wato janareta, sai ka tambayi mai haɗa maka wuta tukuna. Hawa da saukar kuran na ƙona katin lantarkin da ke cikinsa, kuma katin nan samunsa a nan wuya ne, don haka regilater mai ƙarfi, wato na'urar daidaita wuta, dole ne, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Ƙura na shiga ƙarƙashin bel ɗin ta ƙara gogayya, mota ta yi zafi, ga ɗakin ma da zafinsa. Sannan in wuta ta yanke kana cikin gudu tsayawa yake kai kuma jikinka na gaba. Wanda zai iya fita, zagayen filin wasa na Seyni Kountché da sassafe ko titin unguwa bayan sallar asuba ya ba shi abin da injin zai ba shi kyauta.

Amma na san akwai waɗanda fitar ba ta yiwu musu, uwar gida mai ƙananan yara, ko wanda aikinsa sai dare yake tashi, ko dattijon da ake tsoron masa moto a hanya, su kam injin na da amfani kuma ba zan hana ba. In za ku saya ku leƙa takardar da ke manne kusa da inda waya ke shiga, in an rubuta 110 ko 120 na Amurka ne, wutarmu 220 ce, sai da taransifo mai ƙarfi da zai rage wutar in ba haka ba sa shi ɗaya a soket ya ƙone. Ku duba nauyin mutum da aka ce yana ɗauka ya wuce naku da rata. Don tafiya kawai bel mai tsawon mita 1.1 ya isa, don gudu ku nemi 1.2 zuwa sama, dogon mutum ma fiye. In okaziyo ne kar ku yarda da a kunna muku shi ba kowa a kai, wanda zai yi amfani da shi ya hau ya yi minti 15, a ji ko bel na zamewa in an taka, a sunsuna ko akwai warin ƙuna, a gwada makullin nan mai igiya da ake maƙalawa a riga a ga in an fizge yana tsayawa nan take. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, ku yi masa sallama. A gida a bar fili kamar mita 2 a bayansa, kar a jingina bayan da bango, a rufe shi da zane in an gama, man silikon kaɗai ake sa wa ƙarƙashin bel ban da baƙin mai ko man gyaɗa. A cire makullin a ɓoye bayan kowane aiki saboda yara, bel mai juyawa na kama ƴan yatsu ya saɓule fata.

Babban injin nan mai wayoyi da kujera da ake cewa yana yin komi, in wayarsa ɗaya ta tsinke ko ƴar tayar da take bi ta fashe sai ya tsaya cak, kuma abin da yake yi alter da ƙarfen rataya na yi. Ka bar wa masu sal.

Abin da kuwa nake roƙo kar a kashe ko dala a kai shi ne bel ɗin ɗaure ciki mai sa zufa, da mai karkarwa, da ƴan faci masu batir da ake mannawa a tumbi, da rigar leda. Ana tallarsu sosai a WhatsApp kuma ƴan uwanmu mata aka fi cuta da su, abin na ba ni haushi. Zufa ruwa ce ba kitse ba, abin da sikeli ya nuna ya ragu bayan ka yi sharkaf yana dawowa da ka sha ruwa, kuma kitse ba ya narkewa daga wuri ɗaya don an matse wurin ko an girgiza shi, daga jiki duka yake raguwa in abin da kake ƙonawa ya fi abin da kake ci. A garin da ake 42 a inuwa mutum ya naɗe kansa da leda yana tsalle, wannan kai kansa yake ga suma. Kuɗin ka sayi takalmi mai kyau da fanka mai caji da za ta yi maka aiki ko an ɗauke wuta, su biyun nan kayan sipor ne na gaske a Yamai, ka haɗa da gorar ruwa babba a kusa da kai. Lokacin aiki kuma bayan asuba ko bayan magariba, da azumi a bari sai an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya ka tsaya nan take ka nemi inuwa da ruwa, ciwon ƙirji kuwa asibiti ne kai tsaye.

Mai tansiyo ko sukari ko ciwon zuciya, da mai ciki, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa bai daɗe ba, su ga likita kafin su sayi komi, su gaya masa ainihin abin da suke son yi don ya faɗa musu iyakarsu. Mai tansiyo musamman ya kiyayi riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi don yana harba jini sama, ka fitar da iska lokacin da kake turawa ka shaƙa lokacin saukewa. Mai sukari da ke shan magani ko allura kuma ya ajiye dabino biyu uku kusa da tapinsa saboda sukari na iya faɗuwa ana cikin aiki, kuma ya dinga duba ƙafafunsa bayan ya cire takalmi.